Tatsuniya a Ƙarƙashin Sandar Iyaka

Kwanan baya wasu samari da suka gama jami'a suka zo gaishe ni, hira ta kai mu ga aikin da na yi a Jibiya a shekarun hamsin, wato tafinta da rakiyar ɗaliban bincike. Ɗayansu ya ce, cikin ladabi, ai wannan aiki ne na duk wanda ya iya harshe biyu kuma yake da ƙafa. Ban yi masa musu ba, domin baƙona ne, kuma a lokacin hannunsa yana cikin kwanona. Na zaɓi in ba shi amsa a rubuce, inda ba zai iya katse ni ba.

Na shiga sana'ar ina sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, da takardar shaida a akwati, da farar riga mai guga, da cikakken yaƙinin cewa babu kalmar Ingilishi da ba ni da takwararta a Hausa. Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Barmo, tsohon tafintan kwastan da ya ajiye aiki ya koma zama a rumfar wani maɗinki kusa da tasha. Ingilishinsa na kasuwa ne, Faransancinsa na bariki, amma duk baƙon da ya sauko daga mota da akwatin littattafai wurinsa ake kai shi. Ranar farko ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Ɗan boko, mi ke cikin jakar nan?"

Na ce, "Ƙamus ne, Malam, da fensir, da takarda."

"Goro fa?"

"Ba na ci."

"Wa ya ce kai za ka ci?"

Daga ranar goro ya zama babban kayan aikina. Bayansa sai tabarma, domin wanda ya zo da tabarmarsa ya nuna ba ya sauri, kuma tsofaffi ba sa buɗe baki ga mai sauri. Sai keke, da fitilar ƙwai, da wuƙar fiƙe fensir. Ƙamus kuwa aikinsa guda ya fi yi, shi ne danne takarda idan iska ta taso. Malam Barmo ya kafa mini sharuɗɗa biyu. Na farko, kada in gyara wa kowa Hausarsa. Wannan ya yi mini nauyi ƙwarai, domin na sha bulala a makaranta kafin in daidaita tawa, kuma a Jibiya kowa yana magana kamar bai taɓa jin labarin wannan bulala ba. Na biyu, in fassara duk abin da aka faɗa a gaban baƙo, mai daɗi da marar daɗi, wanda aka tambaya da wanda ba a tambaya ba. Ya ce tafintan da ya fara zaɓe ya zama ɓarawo, ko da kuwa tausayi ne ya sa shi.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne, amma waɗanda suka fi ba mu aiki su ne ɗaliban adabin Ingilishi masu neman babban digiri. Kada ku tambaye ni abin da ya haɗa adabin Ingilishi da Jibiya. Su ma iyayensu sun yi musu wannan tambaya. Akwai wata baiwar Allah da ta yi karatu a kan waƙoƙin makoki na mutanensu na da, ta zo jin waƙar da mata ke yi a bakin dutsen niƙa. Na kai ta Gangara, matan suka ce ba sa waƙa da hannu wofi, suka miƙa mata dutse. Ta koma gida da babi guda da kanta a tafin hannu. Akwai wani da ya ƙware a littattafan matafiyan da suka ratsa hamada, yana so ya gwada ko sun faɗi gaskiya game da raƙumi. Ya hau sau ɗaya, ya ce sun rage. Akwai kuma wani natsattsen mutumin Saliyo da ke nazarin zagi a tsofaffin wasannin kwaikwayo, wanda ya roƙe ni in zaunar da shi kusa da mahauta ranar kasuwa. A wunin nan na fassara kalmomin da har yau ban yarda akwai su a Hausa ba.

Kowannensu da abin da karatunsa ya saba masa da shi, kuma aikin tafinta na farko shi ne ya gano wannan sabo. Wanda aka horar a kan waƙa yana jin kari a tallar fura. Wanda aka horar a kan tarihi ba ya karɓar gaisuwa sai an gaya masa shekarar da aka fara yin ta.

Muguwar shekara ita ce wadda damina ta ɗauke da wuri. Babu wanda ke da bakin waƙa ko tatsuniya, ɗalibai suka ji labari suka fasa zuwa, ni kuma na koma rubuta wa fatake wasiƙu a tasha. A shekarar ne hukumar ƙetare ta ƙara tsaurara wa baƙi, har ya zama Bature ba ya kwana a ƙasar Faransa, wato ƙetaren iyakarmu, sai da hannun babban jami'i a Maradi, wanda kullum aka je a ce yana rangadi. Mu 'yan ƙasa wannan bai shafe mu ba. Mutum zai kora jakinsa ya ƙetare da safe, ya ci tuwo a gidan surukansa, ya dawo ba wanda ya dube shi. Iyakar ta masu takarda ce.

A shekarar da ta biyo ne aka kawo mini Mista Alwin, aikin farko da Malam Barmo ya sakar mini ni kaɗai. Dogo ne siriri, wuyansa kamar na zalɓe, yana da tari da yawan ba da haƙuri. Karatunsa a kan tsofaffin waƙoƙin Ingilishi ne da marubuta suka kwafa da hannu tun kafin a san injin ɗab'i. An koya masa ya jera kwafi kusa da kwafi, ya bi bambancinsu har ya gano wanne ne uba, wanne ne ɗa, da inda zuriyar ta rabu. Daga nan ya ƙudurta cewa tatsuniya ma haka take, kuma iyakar mulki tana raba zuriyarta. Abin da ya zaɓa ya gwada da shi shi ne labarin kurar da ta shiga ayarin fataken gishiri ta ce ita jaki ce, aka ɗora mata mangul, tana tafiya tana rage awakin ayari, har asirinta ya tonu ta faɗa rijiya da kayan a bayanta. A Jibiya da Mazanya, wajen mazan da muka tambaya, kowa ya ce a rijiyar ta mutu. Wani direba kuwa ya tabbatar masa cewa a ƙetare fitowa take yi. A kan wannan magana ya gina littafinsa duka: a ƙasar Ingilishi kura tana mutuwa, a ƙasar Faransa tana tsira. Garin ya sa masa suna Mai Kura.

Malaminsa na jami'a ya rubuto masa cewa maganar direba ba hujja ba ce. Sai ya ji labarin daga bakin gwanar tatsuniya a ƙetare, ya ɗauko a na'ura, in ba haka ba kada ya kawo masa littafin. Lokacin da aka ba shi ya kusa ƙarewa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma da an yi ruwa mai ƙarfi hanyar mota za ta yanke. In ya tafi babu kurar ƙetare, wahalar shekarunsa ta tafi a banza.

Gwanar kuwa ba a nesa take ba. Bayan Magama akwai inda jandarmomin Faransa suka gitta doguwar sanda a kan hanya, da 'yar rumfa a gefe. A gindin rumfar wata tsohuwa mai suna Inna Tasalla take sayar da fura, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukan wajen ya ce a cinyarta ya san kura. Muka je mata da hantsi, da takardar wucewa ta wuni guda, da goro, da na'urar ɗaukar magana wadda nauyinta ya kai na ɗan maraƙi. Na gaishe ta yadda ya kamata, na bayyana buƙata cikin jimloli da na shirya tun a hanya.

Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Maigidana, kai ko rediyo ka haɗiye?" Haka ta riƙa kirana daga ranar, irin wasan kaka da jika. "To, na ji. Amma tatsuniya da rana? So kake in ɓace a hanyar gida, ina da jikoki?"

Na fassara. Mista Alwin ya ce a gaya mata wannan camfi ne.

Na fassara wannan ma, domin sharaɗi sharaɗi ne.

Ta ce, "Gaya wa dogon nan, shi da ya baro uwarsa ya ƙetare teku yana biɗar kura, shi ne zai koya mini abin da ba ya da kai?"

Ta ce mu dawo bayan magariba. Jandarman da ke wurin, wani Bazabarme mai suna Sumana, ya ce kafin rana ta faɗi dole Bature ya kasance a bayan sanda, ko da gwamna ne ubansa. Inna Tasalla, da yake mai kirki ce, ta ce ba komai, ita za ta tako Jibiya ta kwana gidan ɗiyar ƙanwarta ta yi masa a can. Na yi murna na fassara. Mista Alwin ya dafe kai ya ce ba zai yiwu ba: in ta yi a Jibiya, ta zama tatsuniyar Jibiya. Dole a ji ta a kan ƙasarta.

Ga dokoki uku ke nan, kowace da mai tsaron ta, kuma babu mai niyyar sassautawa. Muka yi ta zarya. Ya gwada lulluɓe rumfar da barguna domin ta yi duhu. Inna ta ce Allah yana ganin rana ko an rufe. Ya aika Maradi neman izinin kwana. Aka ce ana rangadi. Tarinsa ya ƙaru, wandonsa ya fara neman igiya. Ranar da direban babbar mota ya sanar cewa jibi zai yi tafiyarsa ta ƙarshe kafin ruwa, na je rumfar maɗinki na zayyana wa Malam Barmo komai.

Ya ce, "Ka yi ta gardama da su ko?"

Na ce, "Da hujjoji, Malam."

"Ba a gardama da doka, ɗan boko. Zagaya ta ake yi a ga inda ta tsaya." Ya juya ya ci gaba da hirarsa da maɗinki.

Washegari na tafi wurin Sumana ni kaɗai, na shimfiɗa tabarmata, na ba shi goro, na tambaye shi a ina ne daidai ƙasar Faransa ta ƙare. Ya ce a sanda. Na ce takardar da ke hannunsa, me ta hana Bature ya shigar bayan faɗuwar rana? Ya ɗauko ta ya karanta da yatsa, ya ce jikinsa da kayansa. Na ce ta ambaci kunne? Ya daɗe yana dubawa, ya ce ba ta ambata ba. Sannan ya rage murya ya ce shi ma tun da aka kawo shi nan yake jin ana yabon tsohuwar, amma girman kaki ya hana shi roƙo.

Da aka idar da sallar magariba aka sauke sanda. Inna Tasalla ta zauna a kan kujerarta ta tsugunno a ƙasar Faransa. Mista Alwin ya naɗe ƙafafunsa a ƙasar Ingilishi, da na'urarsa a gaba. Ni, da yake ba ni da takardar da za ta hana ni komai, na zauna a ƙarƙashin sandar. An ɗan samu tsaiko a kan bakin na'urar, wanda dole a miƙa shi kusa da ita: Sumana ya ce wannan kaya ne, kuma ya ƙetare. Aka daidaita a kan in riƙe shi a hannuna, ya zama kayana. Masu jakuna da ke komawa gida suka tsaya, wani ɗan kwastan ya taho a keke ya ce sintiri yake yi, ya jingine keken. Duk manya ne masu gemu, kowa yana kallon wani wuri dabam kamar ba saurare ya zo ba. Da ta buɗe labarin, sai da ta maimaita kafin a sami wanda ya amsa, kuma Sumana ne.

Ba zan iya kwatanta muku yadda ta yi ba. Kura ta yi kukan jaki, kukan ya fito da dariya a ƙarshensa. Madugu ya ƙirga awaki ya zargi yaransa. Ina fassarawa a hankali cikin kunnen Mista Alwin, ina jin numfashinsa yana sauri. Aka zo rijiya. Kura ta faɗa, mangul a bayanta. Inna ta ɗaga fitila, ta dubi fuskar Baturen ta ƙarƙashin sanda. Sannan ta ce gishirin ya narke a ruwa, kaya suka yi sauƙi, kura ta kama guga ta fito, ta ruga daji tana rantsuwa ba ta ƙara fatauci.

Mista Alwin ya kama hannuna ya girgiza. Ya girgiza na ɗan kwastan. Ya miƙa wa Sumana, Sumana ya nuna masa sanda, ya janye. Ya samu abin da ya zo nema, a bakin gwana, a kan ƙasarta, a cikin na'ura.

Inna tana naɗe zanenta ta ce mini, ba da ƙarfi ba, "Na bar ta da rai saboda shi. Dubi idonsa. Yaro mai tsoro ba a kashe masa kura, sai ya kasa barci."

Na'urar tana juyawa, amma shi bai ji Hausar da ta kai nan ba, kuma a jami'arsu babu wanda zai ji. Masu jakuna sun fara kwance dabbobinsu. Na gyara zama na fassara masa, kalma bayan kalma.

Mista Alwin ya juya ya dubi Inna. Sannan ya ce, "Tambaye ta, ashe wani lokaci tana kashe ta?"

Inna ta ce, "Sau nawa. In yaro mai taurin kai ne, wanda aka hana shi zuwa bakin rijiya bai ji ba, ai sai ta mutu, kuma mutuwar banza. In ana yunwa a gida ba ni kashe ta, yara sun ga abin da ya ishe su. In ɗiya mace ce mai wayo, sai in bar rijiyar a buɗe in ce ta faɗa mini ƙarshen."

"Mazan Jibiya duk sun ce mutuwa take yi."

"To, ka ga irin yaran da suka yi."

Ɗan kwastan ya ce shi fa a gidansu fitowa take yi. Sumana ya ce wannan bai ba shi mamaki ba.

Mista Alwin ya ciro littafinsa daga jaka, wanda ya yi shekaru yana rubutawa, ya auna shi a hannu kamar mai sayen kaza, ya mayar. Ya tambaye ni ko akwai sauran zare a na'ura. Na duba na ce akwai. Ya ce, "Roƙe ta ta sake yi, yadda take yi wa mai taurin kai. In na kai musu biyun daga baki ɗaya, a wuri ɗaya, littafin nan ya mutu. Amma ina jin akwai wani a bayansa, in sun ba ni lokaci."

Na ce, "In ba su ba ka ba fa?"

Ya ce, "Sai in koyar da yara nahawu. Roƙe ta."

Na roƙe ta. Ta ce ba a yin irin wannan a iska, sai da mai taurin kan a gaba, domin a fuskarsa ake ganin inda za a tsananta. Ta ɗaga fitila ta bi masu jakuna ɗaya bayan ɗaya, ta wuce ɗan kwastan, ta ɗan tsaya a kan Sumana, ta wuce. Sannan ta sauke ta daidai farar rigata.

"Matso, maigidana."

Na ce, "Inna, ni tafinta ne, a bakin aiki nake."

"Ka ji ko? Matso."

Na matsa. A daren nan kura ta mutu a ƙasar Faransa, mutuwar da ban taɓa jin mai muninta ba, kuma ni na fassara ta, Inna tana kallon tsakiyar idona. Da safe Mista Alwin ya hau mota da kura biyu a akwati ɗaya. Jami'ar ta ƙara masa shekara, ya dawo da rani, muka bi ƙauyuka muna tambayar tsofaffin mata, ba yadda labari ya ƙare ba, sai wa aka yi wa shi.